Rufe bakin ƙwayar gado: shin da gaske an samo abin da zai hana kansar hanta yaɗuwa?

Na san wannan makon kuna jiran bitar wayar da na buɗe kwalinta a bidiyon da ya wuce. Ku yi mini afuwa, na ɗaga ta zuwa mako mai zuwa. Yau wata fasaha daban zan ɗora a kan tebur, kuma zan duba ta kamar yadda nake duba waya: me aka ce tana yi, yaya take aiki, sannan me ta yi da aka fitar da ita daga ɗakin gwaji.

Ga dalilin. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, da ke zaune a Birmingham, ni kuma ina Manchester. Watannin baya likitoci suka gano yana da kansar hanta, kuma yana zuwa sashen hanta na asibitin Queen Elizabeth da ke Edgbaston. Ranar wata Asabar na hau jirgin ƙasa daga Piccadilly zuwa New Street, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, na je duba shi. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya miƙo mini wayarsa. Wani ne ya turo masa saƙo a WhatsApp cewa masana sun rufe bakin wata ƙwayar gado, kuma nan take kansar hanta ta daina yaɗuwa.

Ya ce, "Kai da kake harkar na'urori, duba mini wannan. In dai maganin nan ya kusa fitowa, ina ga gara in dakata da aikin da suka sa mini rana, in jira shi."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, don Allah kada a taɓa ranar nan. A ba ni mako biyu in karanta." Ni ba likita ba ne, mai bitar na'urori ne. Abin da na karanto shi ne wannan.

Me ake nufi da rufe bakin ƙwayar gado?

Bari mu daidaita kalmomi biyu tukuna, don kada su rikita mu. Idan na ce ƙwayar jiki, ina nufin ƙananan tubalan da aka gina jikinmu da su, waɗanda sai da madubin likita ake ganin su. Idan na ce ƙwayar gado, ina nufin umarni guda da ke rubuce a cikin DNA. Ɗan Adam yana da irin waɗannan umarni kusan 20,000 da ke sa a ƙera furotin, kuma furotin ɗin ne ke yin aikin jiki.

DNA tana zaune a tsakiyar ƙwayar jiki, ba ta fita. Idan ana buƙatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan wani ɗan aike mai suna mRNA, shi kuma ya kai saƙon wurin da ake ƙera furotin. To rufe bakin ƙwayar gado shi ne a hana saƙon nan isa. Umarnin yana nan a DNA lafiya lau, ba a goge shi ba. Kamar ka sa wani guruf a miyut ne a wayarka: guruf ɗin bai mutu ba, amma ka daina jin ƙararsa. Wannan ya bambanta da fasahar CRISPR da kuka saba ji, wadda ita DNA ɗin kanta take yankawa ta gyara.

Labarin gano abin yana da ban dariya. A 1990 Richard Jorgensen da Carolyn Napoli sun ƙara wa furen fetuniya ƙwayar gadon launi don ya ƙara yin shunayya, sai wasu furannin suka fito farare fat. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello a Amurka suka nuna, da wata 'yar tsutsa, cewa RNA mai igiya biyu ce ke kashe muryar ƙwayar gado. A 1999 David Baulcombe da Andrew Hamilton, a nan Ingila a garin Norwich, suka gano ƙananan guntayen RNA da ke wannan aiki a tsirrai. A 2001 rukunin Thomas Tuschl a Jamus ya nuna cewa guntu mai harafi 21, wanda ake kira siRNA, yana yin aikin a ƙwayoyin jikin mutum. Fire da Mello sun karɓi kyautar Nobel a 2006.

Yadda siRNA ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Da ta shiga ƙwayar jiki, wata na'urar furotin mai suna RISC ce ke ɗaukar igiya ɗaya daga cikin biyun. Sai ta riƙa yawo da ita tana gwadawa da duk ɗan aiken da ta haɗu da shi. Wanda haruffansa suka dace, ta datse shi. Ba saƙo, ba furotin.

Ita ma kansar tana rufe baki

Nan ne saƙon WhatsApp ɗin bai yi bayani ba. Tun kafin masana su koyi wannan dabara, ita kanta kansar tana amfani da irinta.

Ƙwayoyin hanta masu lafiya a manne suke da juna. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke riƙe su wani furotin ne mai suna E-cadherin, ku ɗauke shi kamar simintin da ke tsakanin bulo da bulo. Muddin yana nan, ƙwaya ba ta barin wurinta. A kansar hanta sau da yawa akan tarar an rufe bakin ƙwayar gadon da ke yin wannan siminti. Hanyar da hakan ke faruwa ita ce a liƙa wasu ƙananan alamun sinadari, da ake kira metil, a farkon umarnin, sai ƙwayar ta kasa karanta shi. Haka ake samu da wasu ƙwayoyin gadon da ke taka wa kansa birki, irin su p16 da RASSF1A.

Da siminti ya tafi, ƙwayar kansa sai ta sake siffa, ta miƙe, ta fara rarrafe. Tana fitar da wasu sinadarai, irin su MMP-9, da ke narkar da katangar da ke kewaye da ita. Daga nan sai ta faɗa jijiyar jini. Kansar hanta ta shahara da shiga babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta, ta nan take bazuwa a cikin hantar, kuma idan ta fita waje huhu ne inda ta fi sauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne alaƙar wannan da ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar cutar tana yin wani furotin mai suna HBx, kuma bincike ya nuna yana zuga sinadarin da ke liƙa alamun metil ɗin nan, har a rufe bakin E-cadherin. Wato cutar da miliyoyin mutanenmu ke ɗauke da ita tana da hannu a cire simintin.

Akwai kuma wata ƙaramar RNA ta asali mai suna miR-122, wadda ta fi kowace irinta yawa a hanta mai lafiya. Idan ta ragu, kansar ta fi saurin yaɗuwa. A 2012 an nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ita sun kamu da kansar hanta da kansu. Gano wannan dangi na ƙananan RNA ne ya ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024.

Ke nan aikin masana kashi biyu ne: su rufe bakin ƙwayoyin gadon da ke tura kansa gaba, irin su Snail da Twist waɗanda ke danne E-cadherin, sannan su buɗe bakin waɗanda kansar ta rufe.

Yadda ake gwajin a ɗakin bincike

Yawancin labaran da ake turowa daga irin wannan gwaji suke fitowa, don haka ya kamata ku san shi.

Ana shuka ƙwayoyin kansar hanta a wani ɗan faranti har su rufe ƙasansa. A raba su gida biyu: kashi ɗaya a ba shi siRNA da ke rufe ƙwayar gadon da ake zargi, ɗayan a ba shi ta bogi wadda ba ta dace da komai ba. Sai a ɗauki bakin tsinken roba a ja layi a tsakiya, kamar an share hanya a gona. A ɗauki hoto, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a sake ɗauka. Idan ƙwayoyin da aka ba ta bogi sun rarrafo sun cike hanyar, waɗanda aka rufe wa baki kuma sun bar ta a buɗe, sai a ce wannan ƙwayar gado tana da hannu a tafiyarsu.

Gwaji na biyu shi ne na rariya. Ana zuba ƙwayoyin a kan wani tantani mai ƙananan ramuka, faɗin kowanne kamar maikiromita 8, a sa abinci a ƙasa, wani lokaci a shafa wani abu mai kauri a kan ramukan don ya zama kamar katangar jiki. Bayan wani lokaci a ƙirga nawa ne suka ratsa. Idan sakamako ya yi kyau, sai a wuce zuwa ɓeraye.

Wannan aiki ne na gaske, kuma da shi ake gano inda za a kai hari. Amma ku tuna abin da nake yawan faɗa a bidiyo game da makin da manhajar gwaji ke ba waya: waya takan ci maki mai yawa a kan tebur, ka fita da ita cikin zafin Sakkwato ta ɗau zafi ta fara tsayawa. Faranti ba shi da jini mai gudana, ba shi da garkuwar jiki, ba shi da hanta mai tabo.

Akwai wata matsala kuma da ta shafi su kansu ƙwayoyin da ake gwajin da su. HepG2, wadda aka fi amfani da ita a duniya, an samo ta ne daga wani yaro ɗan shekara 15 a shekarun 1970, kuma daga baya aka tabbatar cewa irin kansar hantar yara ce, ba irin ta manya da ke damun su kawu ba. Wasu kuma, irin su SMMC-7721 da BEL-7402, an gano sun gauraya da ƙwayoyin HeLa, waɗanda asalinsu kansar bakin mahaifa ce. Takardun bincike da yawa an rubuta su a kan waɗannan da sunan hanta. Huh7, wadda aka samo daga wani mutumin Japan a 1982, tana cikin waɗanda asalinsu ya tabbata. Don haka idan kun ga labari, ku nemi sanin da wace ƙwaya aka yi aikin.

Matsalar isar da saƙo

A ce an gano ƙwayar gadon da ta dace. Yaya za a kai siRNA cikin ƙarin da ke jikin mutum? Idan aka zuba ta haka nan a jini, cikin ɗan lokaci sinadaran jini za su farfasa ta, ƙoda kuma ta tace sauran.

Abin mamaki, hanta ce gaɓar da aka fi samun nasarar kai wa wannan saƙo. Hanya ta farko ita ce a naɗe siRNA cikin ƙananan ƙwallayen kitse. Da ita aka yi patisiran na kamfanin Alnylam, maganin siRNA na farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Agustan 2018, don wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. Irin waɗannan ƙwallaye ne aka yi amfani da su a rigakafin korona na Pfizer da Moderna. Hanya ta biyu ita ce a liƙa wa siRNA wani sukari mai suna GalNAc. Ƙwayoyin hanta suna da wata ƙofa a jikinsu da ke cafke wannan sukari ta shigar da shi ciki, tare da duk abin da aka ɗaura masa. Da haka inclisiran ke aiki, allurar rage kitsen jini da aka amince a riƙa bayarwa a asibitocin gwamnati na Ingila tun 2021. Bayan alluran farko, sau biyu kacal ake yin ta a shekara.

To me ya hana a yi wa kansa haka? Ƙwayar kansa ba ta zama kamar ƙwayar hanta mai lafiya. Yayin da take ƙara lalacewa, ƙofar nan da ke karɓar sukari takan ragu a jikinta, sai saƙon ya riƙa sauka a gidan maƙwabta masu lafiya. Sannan yawancin masu kansar hanta hantarsu ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, jini ba ya ratsa ta yadda ya kamata, kuma ba ta jure magani mai ƙarfi. Ga shi kuma kansa ba da ƙwayar gado ɗaya take tafiya ba. Ka rufe wannan, ta bi ta wata.

An gwada a jikin mutane, kuma ga abin da ya faru. ALN-VSP, wanda ke rufe ƙwayoyin gado biyu a lokaci guda, an gwada shi a kan masu kansar da ta kama hanta, aka wallafa sakamakon a 2013. An ga alamar cewa saƙon ya isa ƙari, amma bai zama maganin da ake bayarwa ba. DCR-MYC na kamfanin Dicerna an dakatar da shi a 2016 saboda sakamakon bai kai yadda ake fata ba. A wannan shekarar dai aka tsayar da gwajin MRX34 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan bore, har wasu suka rasu.

Inda Birmingham da Manchester suka shigo

Asibitin Queen Elizabeth yana cikin cibiyoyi bakwai da ake dashen hanta ga manya a Birtaniya, kuma sashensa na hanta yana cikin mafiya girma a Turai. Jami'ar Birmingham tana maƙwabtaka da shi, tashar jirgi ɗaya ce ke kai ka duka biyun. Likitocin Birmingham suna cikin waɗanda suka yi gwajin wani magani mai suna MTL-CEBPA na kamfanin MiNA Therapeutics da ke Landan, wanda aka wallafa sakamakon matakinsa na farko a 2020. Shi wannan kashi na biyun aikin yake yi: ƙaramar RNA ce da ke ƙara muryar wata ƙwayar gado mai suna CEBPA, wadda ke raguwa a hanta mai ciwo. Matakin farko na gwaji aikinsa shi ne a ga ko jiki zai jure maganin da kuma adadin da ya dace, ba a nan ake tabbatar da warkarwa ba.

A nan Manchester muna da asibitin Christie a Withington, ɗaya daga cikin manyan asibitocin kansa a Turai, da sashensa na gwajin sababbin magunguna tun matakin farko. Kusa da shi akwai ginin Paterson, cibiyar binciken kansa da ta yi gobara a Afrilun 2017 aka sake gina ta ta koma aiki a 2023. Duk wanda ke son shiga irin wannan gwaji, ta hannun likitan da ke duba shi ake bi, kuma akwai sharuɗɗa kan ƙarfin hanta da matakin ciwo. Ba a sayar da shi, kuma duk wanda ya ce zai aiko muku da shi ta intanet ɗan damfara ne.

Abin da ake da shi a hannu yanzu shi ne tiyatar yanke ƙari, dashen hanta, ƙona ƙarin da zafi, ko toshe jijiyar da ke ciyar da shi. Idan ciwo ya yi nisa akwai sorafenib tun 2007, wanda a babban gwajinsa ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 7.9 zuwa 10.7, da haɗin atezolizumab da bevacizumab da aka fara bayarwa a 2020. Tiyata da dashe da ƙonawa suna iya warkarwa, amma sai in an kama ciwon da wuri, kafin ƙwayoyin su shiga jijiya.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

A 2022 an ƙiyasta mutum kusan 866,000 sun kamu da kansar hanta a duniya, kusan 758,000 suka mutu. A yankinmu ciwon hanta nau'in B ne babban sanadi. Binciken ƙasa na 2018 a Najeriya ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi. Sai gubar afalatoksin da ke fitowa daga rumar gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba. A nan Ingila ma aka fara gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a 1960 saboda abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Idan gubar ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin yana ninkuwa sosai. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa da Najeriya da Ghana, ya nuna cewa a ƙasashen Afirka da aka duba, ban da Masar, matsakaicin shekarun masu ciwon 46 ne, kuma matsakaicin rayuwa bayan ganowa wata biyu da rabi. Mutane suna zuwa asibiti a makare.

Ga abubuwan da ba sai an jira wata sabuwar fasaha ba. Gwajin jini na ciwon hanta nau'in B kyauta ne a wurin likitan unguwa a nan Birtaniya, kuma sassan gaggawa na asibitocin Manchester suna haɗa shi cikin gwajin jini sai in mutum ya ce ba ya so. Rigakafinsa yana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Wanda ke ɗauke da cutar akwai tenofovir da entecavir da ke danne ta. Wanda hantarsa ta yi tabo ana son a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida.

Hukuncina

Da waya ce, da na ce injinta na gaske ne, ta riga ta nuna kanta a wasu ayyuka, amma samfurin da kawu ke nema bai fito kasuwa ba. Har yau babu maganin rufe bakin ƙwayar gado da aka amince da shi don kansar hanta. Inda nake sa ido shi ne gwaje-gwajen da ake yi na amfani da wannan fasaha a kan ƙwayar cutar hanta nau'in B kanta, domin a can saƙon ƙwayoyin hantar da ba su zama kansa ba ake kai wa, inda ƙofar take a buɗe.

Bayan mako biyu na koma Birmingham na zayyana wa kawu duk wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya sa mu dace. Ranar tana nan yadda suka sa." An yi masa aikin, yana gida yana murmurewa, muna roƙon ku sa shi a addu'a. Ni ma na je an gwada jinina, kuma na matsa wa 'yan gidanmu na nan da na Kano su je.

Idan an turo muku irin wannan labari, ku tambayi abu ɗaya kafin ku tura wa mara lafiya: a faranti aka yi, a ɓera, ko a mutum? Ku ajiye tambayoyinku a ƙarƙashin bidiyon wannan makon, zan amsa waɗanda zan iya. Bitar wayar nan kuma tana tafe mako mai zuwa in Allah ya yarda.